Abin da Birki ke Faɗa wa Ƙafa

A shekarun 1980, lokacin da nake yaron gareji a Kano, Fijo ce ke mulkin hanya. Tun 1975 ake haɗa ta a Kaduna, kuma 504 ta cika tashoshi, daga mai jigilar fasinja zuwa Zariya da Katsina da Jos har akori-kura mai dakon buhunan hatsi. Garejinmu fili ne kawai da rumfar kwano da inuwar darbejiya, amma da wuya rana ta faɗi ba a kawo mana motar da direbanta ke cewa, "Maigida, birkina ya yi laushi, a cire mini iska" ba.

Maigidanmu, Allah ya ji ƙansa, ba ya karɓar wannan magana yadda aka kawo ta. Direba ya riga ya yanke wa motarsa hukunci tun daga tasha, shi kuwa sai ya ce a bari birkin ya faɗi da kansa. Kafin a ɗauko sifana, yakan sa ni in shiga in zauna, in taka, in gaya masa abin da ƙafata ta ji. A nan na gane cewa abin da direbobi ke kira laushi ciwo ne iri-iri, kowane da maganinsa.

Asalin lamarin ba shi da wuyar fahimta. Man birki ba ya matsuwa, don haka ƙarfin ƙafarka yakan bi bututu daga masta ya isa ƙafafun mota huɗu ba tare da ya ragu ba. Iska kuwa tana matsuwa. Idan ta shiga bututu, ita za ka fara dannewa kafin ƙarfin ya kai ga taya, sai ka ji birkin kamar ka taka soso. Ka buga shi sau da yawa ya ɗan yi tauri, ka sake shi na ɗan lokaci ya koma yadda yake. Wannan shi ne ciwon iska na gaskiya. Amma ko a nan maigida yakan tambaya: ta ina ta shiga? Iska ba ta shiga sai da ƙofa. Sai mu duba ko mai ya ragu a kofinsa, mu leƙa bayan kowace taya mu ga ko akwai jiƙa, mu bi bututun ƙarfe da hannu muna neman inda tsatsa ta ci.

Akwai kuma birkin da za ka taka ya tsaya da ƙarfinsa, amma idan ka riƙe ƙafarka a kai sai ka ji yana sulalewa ƙasa a hankali, alhali ko ɗigon mai babu a ƙasa. Wannan masta ce: robobin cikinta sun cinye, mai yana zagaye su yana komawa baya. Ko kwana za ka yi kana cire iska ba zai gyaru ba. Wani kuma yakan tafi can ƙasa kafin ya kama, amma in ya kama yana da tauri. Sai maigida ya ce in ɗan ja birkin hannu in sake takawa. Idan ya taso sama, to shu ɗin baya ne suka yi nisa da daram, saiti kawai suke so. Wani lokaci kuma tiyon roba ne ya tsufa. Maigida ya riƙe shi a tafin hannunsa ina takawa, ya ji yana kumbura yana shanye ƙarfin.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne birkin da ke lafiya lau a gareji amma ya ɓace a hanya. Direbobin da ke gangaro Hawan Kibo da kaya sun san shi. Man birki yana shan danshin iska yau da gobe. Sabon man birki irin DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, amma wanda ya sha ruwa yana iya tafasa a digiri 140. Direba na gangara ƙafarsa a kan birki, ƙarfe ya yi zafi, mai ya tafasa ya zama tururi, birki ya tafi ƙasa. Idan ya huce ya dawo kamar ba a yi ba. Maganinsa shi ne a zubar da tsohon man gaba ɗaya a sa sabo, direba kuma ya koyi gangara da ƙaramar giya.

Idan ta tabbata iska ce, sai a hau aikin da ba a yin sa da mutum ɗaya. Muna farawa daga tayar da ta fi nisa da masta, wato ta baya ta dama, mu ƙare da ta kusa da direba. Maigida na ƙarƙashi da siririn tiyo da kwalba mai ɗan mai a ciki. "Buga!" in buga. "Riƙe!" in riƙe, ya kwance nonon cire iska da ke bayan taya, mai ya fito da kumfa, ƙafata ta bi birki ƙasa. Ba na ɗagawa sai ya ɗaure ya ce, "Saki!" In ka yi gaggawar saki, ka zuƙo iskar da ake kora. Yakan sa ɗan katako a ƙarƙashin birkin tsohuwar mota don kada robar masta ta kai inda tsatsa za ta yage ta, wani yaro kuma na tsaye yana ƙara mai kada kofi ya ƙafe. Haka za a yi ta yi har mai ya fito garau ba kumfa.

Bayan 1986, da darajar naira ta faɗi kayan gyara suka yi tsada, mun ga abubuwa. Maimakon sabuwar masta sai a je kasuwar Ƙofar Ruwa a sayo robobinta kawai, wannan kuma ba laifi idan cikinta bai zaizaye ba. Amma akwai masu zuba ruwan sabulu a madadin man birki, wasu har baƙin mai, wanda ke kumbura duk robar birkin da ya taɓa. Wata rana wani direba ya matsa a lallaɓa masa haka nan don lodi na jiransa. Maigida ya goge hannunsa ya ce, "Alhaji, injin da ya lalace a gefen hanya yake ajiye ka. Birki kuwa ba ya ba da wannan dama. In ba za a yi yadda ya kamata ba, kai ta wani wuri." Mutumin ya yi fushi, amma ya bar motar ta kwana.

Yau motoci 'yan Kwatano sun maye gurbin Fijo, da yawansu masu birkin ABS, wasu ma sai da na'urar kwamfuta ake iya fitar da iskar da ta maƙale a cikinsu. Ina murna da wannan ci gaba. Abin da ke damuna shi ne yawan yaran da ke fara sauya kaya tun kafin su taka birkin su saurare shi, mai mota ya biya kuɗin masta alhali tiyo ne ya gaji. Shi kuma mai mota, ranar da ya ji birkinsa ya sauya, ko da kaɗan ne, ranar ya kamata ya nufi gareji, ya kuma bayyana daidai abin da ƙafarsa ta ji: laushi ne, sulalewa ce, ko sai ya yi zafi yake ɓacewa. Rabin gyaran yana cikin wannan bayani, kuma rayukan da ke cikin motar amana ce a wuyan direba da bakanike baki ɗaya.