Girkin Kaka a Ƙasar Yokshaya

Sananne ne ga duk wanda ya taɓa zama da mutanenmu da suka yi karatu a Ingila cewa babu maganar da bakinsu ya fi haɗuwa a kanta kamar hukuncin da suke yanke wa abincin ƙasar, wato wai lami ne, ba gishiri ba yaji, an ɗora shi a wuta ne kawai don kada a ce an ci ɗanye. Amma da yake galibinsu a ɗakin cin abinci na makaranta da shagunan bakin titi suka tattara hujjojinsu, alhali kuwa ba a sanin girkin mutane sai a madafin gidajensu, ina ganin shaidar tasu ba ta cika sharaɗin da alƙali zai yi hukunci da ita ba. Saboda haka da wani Bature abokin aikina ya nemi in raka shi gaida mahaifiyarsa a ƙasar Yokshaya, can arewacin Ingila, a farkon watan Nuwamba, sa'ad da lokacin kaka ya yi nisa har hunturu ya fara leƙowa, ban tsaya neman uzuri ba.

Mun tashi daga Landan da hantsi ta tashar King's Cross, jirgin ƙasa ya kwashe mu sa'a biyu da 'yan mintoci zuwa Lids, muna ratsa gonakin da aka riga aka girbe aka kuma sake nomewa, da itatuwan da ganyensu ya rine ja da rawaya yana kakkaɓewa. Abin da ya fi ɗaukar hankalin matafiyi Musulmi a wannan lokaci shi ne ƙurewar yini, domin tun ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba suke mayar da agogo baya da sa'a guda, sai ka ga azahar ta shiga kafin ƙarfe 12, la'asar ta biyo ta wajen ƙarfe 2, kafin 4:30 kuwa rana ta faɗi. A irin wannan hali ne mutum ke gane girman rahamar da ke cikin rangwamen ƙasaru da jam'i.

Daga Lids muka sauya jirgi, muka yada zango a Biradfod, kuma dalilin tsayawar tamu nama ne. Tsohuwar ta riga ta aiko wa ɗanta cewa tunda baƙon nata ba ya cin kowane yanka, to a taho mata da wuyan tunkiya da ƙoda daga hannun mahautan Musulmi, waɗanda ba su da wuyar samu a wannan gari, saboda tun shekarun 1950 da 1960 mutanen Pakistan, musamman na yankin Mirfur, suka yi ta kwararowa aiki a masaƙun ulu, har suka kafa unguwanni da masallatai. Mahaucin da muka je wurinsa, da ya ji an ce a sara wuyan fala-fala da ƙashinsa kada a cire, sai ya yi murmushi ya faɗi sunan abincin da za a dafa tun ba mu faɗa masa ba. Muka sake hawa jirgi ta Halifas, muka shiga kwarin kogin Kalda, inda tuddai suka matse gari da hanyar jirgi da hanyar ruwa wuri guda, ga dogayen bututun hayaƙin masaƙun da suka daɗe da daina aiki, ga gidajen dutse da hayaƙin gawayin zamanin da ya mayar baƙaƙe, ga tumaki a bisa tudu cikin shingayen dutsen da aka jera ba tare da siminti ba. Muka isa ƙauyen tsohuwar ana yayyafi, duhu ya riga ya rufa.

Ba a kai ni ɗakin baƙi ba, madafi aka wuce da ni kai tsaye, na kuma fahimci cewa wannan shi ne girmamawar, domin a nan ɗumi yake, a nan kuma iyali ke zama. Bayan gaisuwa tsohuwar ta karɓi naman, ta jujjuya shi a hannu tana duban kitsensa, ta ce, "Ɗana, zauna kusa da tanderu ka bushe, abinci sai nan da sa'a uku, kuma babu abin da zai sa ya yi sauri." Abin da ta shirya dafawa shi ne wanda suke kira hotfot, asalinsa girkin maƙwabtansu ne na Lankashaya, waɗanda tsakaninsu da mutanen Yokshaya akwai wasa irin na taubasai, ana danganta shi da yaƙin gadon sarauta da gidan Lankasta da gidan Yok suka gwabza daga 1455 zuwa 1485. Ta ce mahaifiyarta daga can tsallaken tudu aka auro ta, don haka ita ba ta da laifi.

Na zuba ido na ga tadabirin aikin tun daga farko. Ta soya naman sama-sama a kitsensa har ya yi ja, ta kwashe. Ta zuba yankakkiyar albasa mai yawa a kaskon, ta rage wuta, ta bar ta ta yi laushi ta fara zaƙi. Ta barbaɗa cokali guda na fulawa, ta tsiyaya romon ƙashi tana kankare abin da ya kama a gindin kasko, tana cewa wanda ya wanke wannan ya zubar da rabin daɗin. Sa'an nan ta ɗauko wata tukunyar ƙasa mai zurfi, ruwan ƙasa-ƙasa, wadda bakinta ya ɗan ɓalle, ta shimfiɗa dankalin Turawa a ƙasa, ta jera nama da ƙoda da albasa da karas hawa-hawa, kowane hawa da gishiri da masoro, ta rufe saman da dankalin da ta yanka siriri tana ɗora gefen wannan a kan wancan har da'irar ta cika, ta shafe shi da man shanu, ta rufe, ta tura tanderu a wuta mai sanyi. Iyakar kayan ƙamshin ke nan, gishiri da masoro da wani busasshen ganye guda biyu. Na ce a raina, lalle da uwargida ce a Kano ta ga an ɗora naman tunkiya ba tattasai ba attarugu ba daddawa, da ta ɗauka ko mai gidan jinya yake yi.

Bayan sa'a biyu ta buɗe murfin, ta ƙara wuta, ta bar shi rabin sa'a har dankalin sama ya soyu ya yi ƙamas, gefensa ya naɗe ya yi duhu, na ƙasa kuwa ya narke ya kaurara romon. Da aka zuba mini, tare da jan kabeji da aka jiƙa a ruwan khal, na sa cokali sai naman ya saki ƙashi da kansa. Haƙiƙa babu zafin yaji a ciki ko kaɗan, amma wanda ya kira wannan lami ya yi ƙazafi, domin akwai zaƙin albasa da maiƙon ɓargo da ƙarfin tunkiyar da ta yi kiwo a tudu, ga tsamin kabeji yana yanke maiƙon duk sa'ad da ya nemi ya gundure ka. Abin da na fahimta shi ne, aikin da mu muke ɗora wa kayan yaji su suna ɗora wa daɗewar wuta, kuma dalilin haka a bayyane yake: a ƙasar da dole murhu ya wuni yana ci saboda sanyi, wutar ba ta da ƙarin kuɗi, yankin naman da ya fi araha kuwa shi ne mai tauri, wanda ba ya ba da kai sai an yi haƙuri da shi. Mutanen wurin suna cewa matan masaƙa kan tura irin wannan tukunya a tanderu kafin su fita aiki, su dawo su tarar ta nuna.

Washegari miya aka sha da rana, ta sha'ir da karas da wata irin albasa mai dogon wuya, an dafa su a romon ƙasusuwan jiya, ana tsoma burodi a ciki. Ba zan tsawaita a kanta ba, sai dai in ce ban ga an zubar da komai ba a gidan nan, ɓawon kayan lambu ma akwai ramin takin da ake kai shi, kuma wannan ƙana'a ta burge ni fiye da miyar.

Da yamma ne aka zo kan abin da ya warware mini zancen yaji. Ranar 5 ga Nuwamba na gabatowa, daren da suke hura wuta don tunawa da makircin shekarar 1605, lokacin da aka kama Gai Foks, haifaffen birnin Yok, yana gadin ganga 36 na albarushi a ƙarƙashin zauren majalisar dattawa, da nufin shi da abokansa 'yan Katolika su tashi Sarki Jems na Ɗaya da manyan ƙasa baki ɗaya. A arewacin Ingila kuwa wannan dare ba ya cika sai da wani kek da suke kira fakin. Tsohuwar ta riga ta gasa na bikin tun makon da ya wuce, amma ta ce za ta sake wani a gabana in tafi da shi. Ta narka man shanu da jan sukari da wani baƙin maɗi mai kauri da ɗan ɗaci, wanda ke saura bayan an tace sukari daga ruwan rake, tana kula kada ya tafasa. A wata tasa ta haɗa fulawa da ɓarzajjen ots, wani hatsi ɗan'uwan alkama da sha'ir wanda ya fi su jure sanyi da laima, shi ya sa tun da can ya zama abincin talakan waɗannan tuddai. Sa'an nan ta buɗe kwalbar garin citta ta zuba cokali biyu a cike, ta dube ni, ta ƙara na uku, ta bi shi da kirfa da gyaɗar ƙamshi da ɗan kanumfari. Nan take madafin ya ɗauki ƙamshin da na sani tun ina yaro. Ashe yajin Ingilishi yana nan, sun dai ɗauke shi daga tukunyar nama ne sun kai shi cikin kayan zaƙi.

Ta gaya mini cewa mahaifiyarta da kitsen alade take yi, kamar yadda mutanen da suka saba, amma ita ta yi da man shanu zalla, ta kuma ɗauko takardar man ta nuna mini don in sami natsuwa, ba tare da na tambaya ba. Na gode mata, ina mamakin yadda tsohuwar da ba ta san komai ba game da babin halas da shubuha ta kiyaye haƙƙin baƙo fiye da wasu da suka karanta shi. Ta fasa ƙwai, ta zuba madara da ɗan garin soda, ƙullin ya fito ruwa-ruwa har na zaci kuskure ne, ta juye a faranti mai kusurwa huɗu, ya yi sama da sa'a guda a wuta mai sanyi.

Ina kallon kayan da ke bisa teburin sai na lura cewa, in ka ɗebe ots da man shanu da madara da ƙwai da fulawa, babu abin da ke ba wannan kek ɗanɗanonsa da ƙasar ke iya shukawa. Citta 'yar ƙasashen zafi ce, kuma tun zamanin mulkin mallaka ake busar da ta Kachiya da Kwoi da Kafanchan ana fitar da ita zuwa Turai, har yau kuwa Nijeriya tana cikin manyan masu nomanta a duniya. Baƙin maɗin nan kuma ya yi arahar da talakan masaƙa zai iya saye ne saboda gonakin rake na tsibiran Karibiyan, waɗanda bayin da aka kwasa daga Afirka suka noma, tashar Libaful da ke kusa da nan tana kan gaba a fataucin bayin har aka haramta shi a 1807. Ban ɗaga maganar a teburin ba, don ba ladabi ba ne baƙo ya karanta wa mai masaukinsa laifin kakanni tana tsakiyar yi masa hidima, amma ban ga dalilin ɓoye ta ga mai karatu ba.

Daren bikin muka hau filin ƙauye, inda aka tara tsofaffin katakai tsibi guda aka ɗora mutum-mutumin tsumma a kai aka cinna wuta, yara suna ihu, ana harba tartsatsin wuta sama. Abokina ya ce a makarantar da Gai Foks ya yi karatu a Yok ba su ƙona mutum-mutuminsa, wai ba ya kyautuwa a ƙona tsohon ɗalibi. Mata suka yi ta zagayawa da gwangwanaye, kowace tana miƙa nata fakin tana satar kallon fuskar mai ci. Na tsohuwar, wanda ya kwana bakwai a rufe, ya yi baƙi ya yi danƙo yana kama yatsa, zaƙinsa na zuwa da farko, ɗacin maɗi ya biyo, daga ƙarshe citta ta taso ta ɗumama maƙogwaro har ƙirji, a daidai lokacin da yatsun ƙafata suka daina jin komai saboda sanyi.

Da safe da za mu kama hanya ta tambaye ni abin da mu muke yi da citta, na lissafa mata kunu da fura da yajin tsire da farfesu. Ta yarda da kunun, amma ta girgiza kai game da zuba ta a nama, ta ce wannan ɓarnar citta ce da ɓarnar nama gaba ɗaya. Sa'an nan ta naɗe sabon fakin a takarda ta sa a gwangwani ta danne murfin, ta ce, "Ɗana, yanzu busasshe ne, ba a cin sa ranar da aka gasa. Kada ka buɗe sai Juma'a mai zuwa, in ka iya kai wadda ke bayanta ya fi." Na yi alkawarin iyakar ƙoƙari. Sai dai a gidan da nake zaune a Landan akwai wani Bazazzagi da wani Bakatsine, dukansu daga cikin masu riƙe da fatawar cewa abincin Ingilishi lami ne, kuma su ne suka gano inda na ɓoye gwangwanin tun ranar Talata.