Injin da ke maida zafi lantarki

A shekara ta 1821 wani Bajamushe mai suna Zebek ya gano abin mamaki. In aka haɗa ƙarfe iri biyu, aka ƙona mahaɗa guda, gudar tana da sanyi, sai lantarki ya gudana. Da wannan dabara aka ƙera inji maras motsi, maras ƙara.

To, nawa yake ci, nawa yake bayarwa? A ɗakin gwaji ɗalibai kan sa shi tsakanin faranti mai zafi da ruwan sanyi. Su auna zafin da ya shiga, misali wat 40. Su auna lantarkin da ya fito: wat 2. Kashi 5 bisa 100 ke nan. Sauran wat 38 sun bi ruwa.

Nan wani ɗalibi kan so ya ƙara lissafi don a yaba masa. Malami kuwa ya ce a rubuta abin da ma'auni ya nuna.

Kaɗan ne, amma yana daɗewa. Kumbo biyu masu suna Voyager sun bar duniya a 1977 da irin wannan inji. Ya ba su wuta fiye da shekara 40, can inda babu mai gyara.