Daga Idu zuwa Umuahia, Neman Makunnin Harsashin Igwa

Harsashin igwa ba ya tashi da kansa. A bakinsa ake ɗaura wata 'yar hula mai tsini, yawanci ta tagulla, ita ce makunninsa. A Turai akwai masu sha'awar tara tsofaffinsu, su goge su jera a kanta. A wurin 'yan gwangwan da ke kai-komo a unguwar masana'antu ta Idu kuwa, kowace tagulla kilo ce a kan sikeli.

Matafiyin da ke son ganin kayan yaƙi ido da ido ba jirgin ƙasan Idu zai hau ba, domin jirgin Kaduna ya nufa. Mota zai shiga, ya bi ta Lokoja da Inugu zuwa Umuahia. Hanyar ba ta da labari sai ramuka da shingayen bincike. Ƙananan masaukan bakin tasha sauro ne da ƙarar janareta har asuba. Gara a nemi 'yan'uwa a Ama Hausa, unguwar Hausawan Umuahia, inda baƙo ba ya kwana da yunwa.

A Umuahia Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa yake, wanda aka kafa a 1985. An jera igwogi, motoci masu sulke, jirgin ruwan NNS Bonny, da Ogbunigwe, bam ɗin da 'yan Biyafara suka ƙera a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Bakano dai da ya ga bakin igwa sai ya tuna 1903, lokacin da Turawa suka buɗe wa ganuwar Kano wuta.

Rubutun jikin makunni shi ke faɗin asalinsa. Na Ingila yana ɗauke da lambar samfuri, da wata da shekarar ƙira, da 'yar kibiya mai nuna mallakar gwamnati. Haruffan RL na nufin masana'antar gwamnati ta Woolwich. Lamba 80 yana da zobe mai tsage-tsage da ake murzawa don harsashi ya fashe tun yana sama, lamba 106 kuwa, wanda ya yaɗu a 1917, da ya taɓa ƙasa yake tashi. A da Jamusawa kan buga Dopp. Z. a jikin mai aiki biyu, wato mai iya tashi a sama ko a ƙasa.

Masu tarawa wanda aka kwashe wa albarushi kaɗai suke ajiyewa. Wanda aka tono daga gona yana iya tashi ko bayan shekara hamsin, kuma ɗauke shi aikin 'yan sandan kwance bam ne.