Tampol Uku da Hanyar Cabbal Mbabo

Duk wanda ya san Banyo ya san garin a gindin duwatsu yake. In ka tsaya a kasuwa da hantsi ka ɗaga kai, Dutsen Jumbal ne zai fara cika maka ido, inda Jamusawa suka fake a 1915 kafin sojojin Ingila su kore su. Amma mu masu sayen zuma ba nan idonmu yake ba. Yana can arewa, bayan Sambolabbo, inda ƙasa ke ta hawa har ta kai Cabbal Mbabo, tsaunin da tsayinsa ya haura mita 2,400, ba nisa da iyakar Najeriya ta wajen Gashaka. Babur zai kai ka wani wuri ya ajiye ka. Daga nan sai ƙafa, kwana biyu ko uku, ruga zuwa ruga, ƙauye zuwa ƙauye, kana bin masu amya.

Matsalar ita ce lokacin ɗibar zuma yakan zo ne a ƙarshen rani, daidai sa'ad da ruwan farko ke shigowa. Da rana zafi, da dare sanyi mai shiga ƙashi, kuma hadari ba ya sallama. Ba kullum dare ke riskar mutum a ƙofar wani ba. Ko ya riske ka a ruga, bukkar Bafulatani ta iyalinsa ce, ba za ka cusa kanka da jarkokinka a ciki ba. Dole ka tafi da rufinka a bayanka.

Ga lissafin da ban yi ba da farko. Litar zuma ɗaya ta kusa kilo ɗaya da rabi, jarka mai lita 20 kuwa tana kai kilo 28. Wannan shi ne kayan mutum ɗaya a dawowa, a kan gangare, wani lokaci cikin santsi. Duk kilon da ka ƙara na rufi, ko dai ka rage zuma, ko ka biya ɗan dako na biyu, ko gwiwarka ta biya. Ni da na haura hamsin, gwiwar ce ke fara magana.

Tafiyar farko, da wayona, na je wurin masu ɗinkin tampol na manyan motoci na sa aka yanko mini mita uku a kan mita uku. Mai kauri, mai santsi, irin wanda ake rufe buhunan masara da shi daga Ngaundere har Duwala. Ruwa dai bai taɓa ratsa shi ba, wannan gaskiya ne. Amma ya haura kilo biyar, ba ya naɗuwa ya shiga jaka, kuma da sanyin asuba sai ya sandare kamar ƙirgin sa. A rana ta biyu ɗan ƙanena da ke raka ni ya sauke shi a kan dutse ya ce, "Baba, wai wannan muka zo sayarwa ne?" Na bar wa wani mai amya shi a bakin lita huɗu na zuma, kowa ya ga ya ci riba.

Shekarar da ta biyo sai na koma ɗaya gefen. Na sayi shuɗin nan mai arha da ake shanya barkono a kansa, marar nauyi kamar takarda. Na yi ta yaba kaina a hanya.

A dare na biyu muka yada zango a wani fili mai ciyawa, ƙasa kaɗan da wata ruga, bayan mun gaida arɗo mun nemi izini. Wurin yana da kyau ƙwarai. Shanu jajaye masu dogayen ƙahoni suna gangarowa, hazo yana tasowa daga kwari kamar hayaƙin girki, a ƙasa kuma ga baƙin kurmi yana bin rafi. Na ɗaura igiya tsakanin itatuwa biyu, na ɗora tampol, na ɗaga shi sama sosai don mu zauna a miƙe, na kuma bar bakinsa yana kallon gabas saboda in ga fitowar rana. Wani dattijo daga rugar ya zo da ƙwaryar kindirmo, ya tsaya ya dubi aikin nawa, ya ce da Hausarsa ta Fulani, "Alhaji, ƙofarka tana kallon baƙo." Na yi dariya, na ɗauka barkwanci ne.

Wajen ƙarfe biyun dare baƙon ya iso. Iska ce ta fara, daga gabas, kamar yadda hadarin ƙasashen nan ya saba. Ta shiga ƙarƙashin tampol ta cika shi, zoben ƙarfen kusurwa ɗaya ya fizge da naman ledar, sai na biyu. Kafin in lalubo tocila rufin ya koma tuta. A jakata akwai sukari, gishiri, ganyen shayi da batura, kayan da nake musaya da su, domin a can sama sau da yawa sun fi takardar sefa daraja. Sukarin ya zama ruwa, gishirin ya bi shi. Muka kwana a tsugune, ni da yaron, mun lulluɓa da abin da ya rage, haƙora suna karo. Abin da ya fi tsaya mini ba asarar ba ce. Yaron amana ne, uwarsa ta damƙa mini shi a ƙofar gida, kuma ya sauko daga dutsen da tarin da ya yi mako uku yana yi.

Tun daga ranar na daina tambayar mai tampol "nawa ne" kafin in tambaye shi "giram nawa". Irin na leda da aka saƙa, ana auna shi da nauyin murabba'in mita ɗaya, kuma sau da yawa an rubuta a jikin ƙunshin. Wanda ya yage mini bai kai giram 100 ba. Farin nan da hukumomin agaji ke raba wa 'yan gudun hijira yana wajen giram 190, girmansa mita huɗu a kan biyar, nauyinsa kusan kilo huɗu. Yakan shekara a rana bai ruɓe ba. Za ka gan shi a kasuwanni, amma ni raina bai cika son sayensa ba, don ban san wane iyali ya rabu da rufinsa saboda yunwa ba. Akwai irinsa na kanti. In ka samu mai giram 150 zuwa 190 ka yanki mita uku a kan uku, bai kai kilo biyu ba, kuma ya ishi mutum biyu da kayansu. Mita biyu a kan uku na mutum ɗaya ne, shi ma sai ya zaɓa tsakanin ƙafarsa da jakarsa in ruwa ya zo da iska.

Idan babu rubutu, ɗaga shi ka duba ta hasken rana. Saƙar da ke da tazara za ta nuna kanta. Ka kama baki ka ja: akwai igiya a cikin kalmasar, ko naɗewa kawai aka yi? Zoben ƙarfe kuwa kar ya ruɗe ka. Nan ne tampol ke fara mutuwa. Dabarar da na koya wurin wani ɗan dako ta fi kowane zobe: ka sa 'yar tsakuwa mai sulɓi ta ciki, ka tattaro tampol ɗin a kanta, ka ɗaure wuyanta da igiya. Ƙarfin iska sai ya bazu maimakon ya taru a huda ɗaya. Tsakanin igiya da turke kuma ina sa yankin robar tayar babur. In iska ta fizga, robar ce ke miƙewa ta dawo, tampol ya huta.

Na ukun da nake amfani da shi yanzu, babban ɗana ne da ke zaune a Birketiri, unguwar Hausawan Yawunde, ya tsinto mini a gwanjon kasuwar Mokolo. Irin na Turawa masu hawan dutse ne, na nailan, an shafe shi da wani abu mai santsi da ke hana ruwa shiga. Bai kai kilo ɗaya ba, yana dunƙulewa kamar burodi, kuma maimakon zobe, madaukai aka ɗinka masa. Ina son sa, amma ba zan ɓoye aibinsa ba. Nailan in ya jiƙe yana saki, sai ka tashi tsakar dare ka ƙara ɗaure igiya, in ba haka ba ruwa ya taru a kansa kamar tafki. Tartsatsin wuta ɗaya ya isa ya huda shi, ga shi a can sama ba a kwana ba wuta. Kuma na gwanjo ne, sai da na zuba masa ruwa a tsakar gida na gano inda ɗinki ke yoyo. Matata tana kallo tana cewa tsufa ya zo da wasan yara. Wanda zai yi tafiyar sau ɗaya a shekara, na leda mai kyau ya ishe shi. Wanda kuwa ƙafa ce jarinsa, ya nemi wannan.

Wasu za su ce me ya hana ka sayen tanti gaba ɗaya? Nauyi da tsada, sannan tanti ba ya rufe jarkoki, ba ya zama shimfiɗar sallah a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, ba ya tare maka ruwan sha. Amma tampol ba shi da bango, wannan a sani. A kwari, kusa da rafi, sai da gidan sauro, ina rataya nawa a igiyar tsakiya. Kwarkwasa kuma in ta yi layi ta wurinka, ba tampol ba, ko gini ne sai ka tashi.

Launi ma abin dubawa ne. Shuɗi da fari ana hango su daga tsauni zuwa tsauni. Duk wanda ke Adamawan Kamaru ya san abin da masu garkuwa da mutane suka yi wa makiyaya a shekarun nan, kuma ɗan kasuwa da aka san ya hau da kuɗin sayen kaya bai kamata ya kafa tuta ba. Kore ko ruwan ƙasa ya fi. Fiye da launin ma, ban ƙara kwana inda arɗo ko jauro bai san da ni ba.

Wurin kafawa kuwa, ba a kan ƙoƙuwar tudu ba saboda aradu, ba ƙarƙashin itace guda tilo ba, ba kuma cikin busasshen mayo ba, don ruwan da aka yi a sama yana iya iso maka alhali ko ɗigo bai sauka a kanka ba. Ɗan gangare, gefen gabas a manne da ƙasa da duwatsu a kai, igiyar tsakiya iya ƙugu, da 'yar magudana da ka tona da adda ta sama.

Bara na sake bi ta rugar nan. Dattijon yana nan, ya ƙara rankwafawa. Ya zo da kindirmonsa, ya zagaya tampol ɗin sau ɗaya, ya taɓa robar babur da sandarsa, ya duba inda ƙofa ta kalla. Bai ce komai a kai ba. Ya zauna a bakin shimfiɗa ya tambaye ni ko na zo da sukari.