MASU GOBE DA MARASA GOBE A FILIN BESBOL

Na san da yawa daga cikin makaranta za su yi mamakin ganin marubucin littattafan soyayya ya ɗauko zancen ƙwallo, ƙwallon ma ba ta ƙafa da kowa ya sani ba, ta Amurkawa da suke kira besbol. To ku yi mini uzuri, tun shekarar 2018 wannan wasa ya shiga raina, kuma ƙanena da ya je karatu garin Fayetteville a jihar Arkansas ne ya jefa ni ciki. Shi ya gama karatunsa ya dawo ya manta da batun, ni kuwa ya bar ni da hana ido barci daga Fabrairu har Oktoba.

Bari in fara yi wa mai karatu bayani a gurguje, don kada in yi ta zuba ni kaɗai. Kowane ɓangare mutum tara ne. Ɓangare ɗaya na cikin fili suna tsaro, ɗayan kuma suna fitowa ɗaya bayan ɗaya riƙe da kulki. Mai jifa yana tsaye a kan ɗan tudu, tsakaninsa da mai kulki ƙafa 60 da inci 6, sai ya wurgo wata ƙwallo mai tauri da ba ta wuce girman lemon zaƙi ba, wadda a hannun gwanaye gudunta kan kai mil 100 a awa ɗaya. In mai kulki ya doke ta sai ya ruga, akwai zango uku a gabansa, na huɗu shi ne gida inda ya taso, in ya kewayo lafiya an ci maki ɗaya. In jifa mai kyau ta wuce shi sau uku ya mutu, in an cafe ƙwallonsa a sama ya mutu, in ƙwallo ta riga shi isa zango ya mutu. Mutum uku suka mutu sai a yi musanya. Kowane ɓangare ya yi bugu ya yi tsaro, turmi ɗaya ke nan, in na ari kalmar 'yan dambe, kuma turmi tara ake yi. Babu canjaras, in an tashi daidai ƙara turmi za a yi har sai an sami wanda ya faɗi.

Abu na farko da ya fara ɗaure mini kai shi ne, a wannan wasa wanda ya yi nasarar bugu uku cikin goma sunansa gwani, ana ba shi miliyoyin daloli. Wato sau bakwai yana komawa benci kansa a sunkuye. Rabon da a sami wanda ya yi huɗu cikin goma a kaka guda a manyan ƙungiyoyi biyu na Amurka tun Ted Williams a 1941.

Kaka biyu mai kallo irina yake bi a lokaci guda, ta ƙwararru da ta 'yan jami'a, kuma duk da dokokinsu kusan ɗaya ne, yadda suke taɓa zuciya ya bambanta ƙwarai.

Ta ƙwararru ƙungiyoyi 30 ne, 29 a Amurka, ɗaya a birnin Toronto na Kanada. Suna farawa a ƙarshen Maris su kai ƙarshen Satumba, kowace ƙungiya ta buga wasa 162. E, ba kuskuren rubutu ba ne, ɗari da sittin da biyu, kusan kullum ke nan. Mu da muka saba da ƙwallon Turai inda ake jiran Asabar, in ƙungiyarka ta sha kashi ka kwana bakwai ana yi maka tsiya a majalisa, wannan wani sabon abu ne. A nan in an lallasa ku yau, gobe da yamma ga ku ga su a fili ɗaya, an sake sabon lale. Ƙungiyar Seattle ta 2001 da ta ci wasa 116 sai da ta sha kashi sau 46, kuma duk da haka ba ta kai wasan ƙarshe ba. White Sox ta Chicago da ta yi abin kunya a 2024 ta faɗi sau 121, amma ita ma akwai ranaku 41 da magoya bayanta suka koma gida suna dariya. Saboda haka mai bin ƙwararru ba ya ɗaga hankalinsa a kan wasan watan Mayu. Kallonsa kamar karatun littafin nan ne namu na ɗaya da na biyu da na uku da na huɗu, in jaruma ta sha wuya a yau ka san akwai ci gaba.

Sai dai akwai wuyar lokaci. Wasan da aka fara ƙarfe bakwai na yamma a New York, a nan Kano sha biyun dare ne. Na Los Angeles kuwa sai uku na dare, yana ƙarewa ana shirin fita masallaci. Ba ni iya kallon duka, yawanci da safe nake duba sakamako a waya, in ga wa ya yi jifa, turmi nawa ya kai, maki nawa aka ci shi. Dokar da suka kawo a 2023 ta sa wa mai jifa agogo ta taimaka mana mu 'yan nesa, domin ta rage tsawon wasa daga sama da awa uku zuwa kamar awa biyu da minti arba'in. Tsofaffin 'yan kallo a can sun yi ta ƙorafi wai an ɓata al'ada. Su da suke kallo bayan cin abincin dare suna iya faɗin haka.

Yanzu ga inda zuciyata ta fi karkata. 'Yan jami'a suna farawa tsakiyar Fabrairu, lokacin arewacin Amurka na cikin ƙanƙara, shi ya sa jami'o'in kudu da na yamma suka fi ƙarfi. Wasa kamar 56 suke yi, yawanci Juma'a da Asabar da Lahadi da abokin karawa ɗaya. Kulkinsu na ƙarfe ne, na ƙwararru na katako, ko ido a rufe in ka ji ƙarar “ƙwal” mai zaƙi ka san yara ne ke fili. Suna kuskure da yawa, suna jefa ƙwallo inda ba kowa, suna ihu suna tsalle a benci kamar 'yan gidan biki. Cikin jami'o'i kusan 300 da ke rukunin farko, 64 ake zaɓa, a raba su gida 16, a tace, a sake tacewa, har takwas su rage. Waɗannan takwas su ke tafiya garin Omaha na jihar Nebraska a watan Yuni, inda ake wannan gasa tun 1950. A can in ka faɗi sau biyu ka tattara kayanka.

To ka ga a nan babu gobe. Kuma ga mafi yawan yaran nan da ke ajin ƙarshe, rashin goben na har abada ne. Zaɓen da ƙungiyoyin ƙwararru ke yi a watan Yuli zagaye 20 ne tun 2021, kimanin mutum 600, ciki har da 'yan sakandare, kuma ko cikin waɗanda aka zaɓa kaɗan ne ke tsallake ƙananan rukunoni su kai sama. Sauran daga Omaha sai neman aikin ofis ko koyarwa. Yaro ya fara riƙe kulki tun yana ɗan shekara biyar, uwarsa ta yi ta kai shi fili tana ɗauko shi, ran nan da rana tsaka a cafe ƙwallo ɗaya shi ke nan an rufe littafi. In kyamara ta haska bencin waɗanda aka fitar, za ka ga ƙarti majiya ƙarfi sun kifa kai suna kuka, sun ƙi cire riga.

Ƙungiyata Arkansas ce, gadon ƙanena. Sunansu Razorbacks, wato aladun daji, kuma magoya bayansu na da wani kirari da suke ɗaga hannu sama suna kiran alade. Ni dai goyon baya nake yi, kiran alade kuwa na bar wa masu shi.

A 2018 suka kai wasan ƙarshe da Oregon State, wanda ya ci biyu cikin uku shi ne zakara. Arkansas ta ci na farko. A na biyu an shiga turmi na tara suna gaba 3 da 2, mutum biyu sun mutu, saura ɗaya tal su ɗauki kofin da ba su taɓa ɗauka ba. Wani yaro Cadyn Grenier ya doki ƙwallo ta tashi sama ta yi gefen fili, irin wadda ake cafewa kullum a wurin atisaye ana hira. Mutum uku na Arkansas suka ruga, suka kewaye ta, kowa na zaton ɗan'uwansa ne zai cafe, ta faɗo ƙasa a tsakiyarsu. Wallahi da a littafina na rubuta haka, da makaranta sun aiko mini da wasiƙa cewa na cika ƙarya. Shi Grenier da ya sami rai na biyu sai ya yi bugun da aka farke, Trevor Larnach ya zo ya tsallakar da ƙwallo bayan katanga, aka tashi 5 da 3. Washegari wani ɗan ajin farko Kevin Abel ya yi jifa turmi tara cur bai bari Arkansas ta ci ko maki ɗaya ba, 5 da nema. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, amma a nan miyar ta ƙare, lomar ce ta suɓuce a bakin leɓe.

Na daɗe ina tunanin yaran nan uku. Ƙwararren ɗan wasa in ya saki ƙwallo a Yuni yana da wasa casa'in a gabansa da zai wanke kansa, ga albashi na shiga. Su kuwa ko sun tsufa sun yi jikoki, duk wanda ya ji inda suka yi karatu da shekarar, abin da zai fara faɗo masa ke nan.

Aka sake maimaita mana a 2025. A Omaha mai jifanmu Gage Wood ya yi wasan da ba a ga irinsa a gasar ba tun 1960, turmi tara babu wanda ya sami bugu mai kyau ko ɗaya a kansa daga Murray State, ya kashe mutum 19 da jifa zalla. Na ce to bana rabo ya rantse. Kwana biyu bayan haka muna gaba da LSU, jami'ar jihar Louisiana, 5 da 3 a turmi na tara, hannu ya sake rawa, suka cinye mu 6 da 5, suka wuce suka ɗauki kofinsu na takwas. Har zuwa ƙarshen waccan kakar Arkansas ba ta taɓa ɗauka ba.

A ɓangaren ƙwararru kuwa wani ɗan LSU ɗin ne ya zaɓa mini ƙungiya, duk da gabar da ke tsakaninmu. Paul Skenes na gani a Omaha a 2023 ya yi turmi takwas da Wake Forest ba a ci shi ba, na ce duk inda yaron nan ya je zan bi shi. Ashe tsarin zaɓensu ƙungiyoyin da suka fi shan kashi ne ke da damar fara ɗauka, sai Pirates ta Pittsburgh ta ɗauke shi, ƙungiyar da rabonta da kofi tun 1979, wadda ta taɓa jera shekara 20 daga 1993 zuwa 2012 faɗuwarta na rinjayar cinta. A 2024 ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa a rukuninsa. A 2025 aka ba shi kyautar Cy Young ta gwanin masu jifa, a lissafi ba a cin sa maki biyu cikakku a turmi tara, amma da aka tattara wasanninsa ci 10 faɗuwa 10 aka rubuta masa, saboda 'yan'uwansa masu kulki ba sa ciyo masa komai. Ƙungiyar ta ƙare da ci 71 faɗuwa 91. Kamar magini ne gwani da aka haɗa da leburorin da ba sa kawo ƙasa. Abin mamaki faɗuwa 91 ɗin nan gaba ɗayansu ba su yi mini ciwon dare ɗaya na Omaha ba. Kullum na duba waya na ga an cinye mu sai in lissafa saura kwana nawa Skenes ya sake hawa tudu, in ci gaba da harkata.

Ba na musun cewa gwaninta na wurin ƙwararru. Shohei Ohtani ɗan Japan, wanda Dodgers ta Los Angeles ta ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 700 da shi, yana jifa yana bugu, a 2024 ya tsallakar da ƙwallo bayan katanga sama da sau 50 ya kuma saci zango sama da sau 50, abin da ba a taɓa yi ba. Kuma in Oktoba ta zo su ma gobensu na ƙarewa. Gasar ƙarshe ta World Series ta 2025 tsakanin Dodgers da Toronto, wasa na uku sai da aka yi turmi 18, gari ya waye mini tangaran ina riƙe da waya, na bakwai kuma aka kai turmi 11 kafin Dodgers ta tsira. Amma ko a ranar, ina kallon 'yan Toronto suna hawaye na san Fabrairu na yi yawancinsu za su hallara a Florida wurin atisaye da sababbin riguna.

Abin da ke damuna yanzu shi ne wasan yaran ya fara ɗaukar kamannin na manya. A da, har zuwa 2025, gurbin tallafin karatu 11.7 kacal aka yarda kowace ƙungiya ta raba wa yara talatin da wani abu, iyaye ne ke cike sauran, wannan zalunci ne kuma ban yi baƙin cikin tafiyarsa ba. Tun 2021 an yarda yaro ya sami kuɗi da sunansa, ya kuma sauya jami'a ba tare da ya zauna shekara ba ya wasa ba. Haƙƙinsu ne. Sai dai ƙaramar jami'a in ta raini gwani, kafin ya nuna babba ta miƙo hannu ta tsinke. Fresno State a 2008 da Coastal Carolina a 2016 sun zo ba wanda ya sa su a lissafi suka tafi da kofi, ina tsoron irin wannan zai ƙara wuya. Ita kanta Arkansas ɗin tawa tana cikin masu miƙa hannun, duk Fabrairu sai na zauna na haddace sababbin sunaye kusan rabin ƙungiya, kafin in saba da fuskar yaro Yuni ta zo.