Desibel Shida Ƙasa da Bakin Ƙwarya

Duk wanda ya ji ina kwashe waƙoƙi daga faifan garmaho zuwa kwamfuta, magana ɗaya yake yi mini: "Ai ku Allah ya ba ku kunne." Da zuciya ɗaya ake faɗi, na sani. Amma kunnena irin na kowa ne, aiki ne dai ya yi masa yawa. Kuma a cikin wannan aiki akwai wurin da kunne, ko na wane ne, ba ya iya faɗa maka gaskiya.

Faya-fayan na Kawu ne, wan mahaifiyata. A shekarun 1970 yana cikin masu kora bisashe daga Azagor, su bi ta Dakoro da Maradi su tsallaka Najeriya. Abokan tafiyarsa su komo da atamfa da agogo, shi ya komo da faifai. Yana da ƙaramin inji mai batir wanda ake zagayewa da dare. Da farin 1984 ya zo, wanda mutanenmu ke kira El Buhari, garke ya ƙare, injin ya tafi a kuɗin hatsi. Faya-fayan suka tsira don ba mai saye, kaset ya riga ya ci kasuwa. Guda 37 ne a cikin akwatin ƙarfe: Shata, Ɗan Maraya Jos, da wasu ƙanana waɗanda takardar tsakiyarsu ta ɓare. Zafin watan Afrilu na Azagor ba ya wasa da roba. Tara sun riga sun lanƙwashe, in ka ɗora su a kan tabarma sai su yi ta rawa.

Bari ɗan ilimin harshe ya ɗan taɓa sana'arsa. Faifai dai asalinsa abin da Inna ke saƙawa ta rufe ƙwarya ne. Bahaushe ya ga abu mai faɗi, zagayayye, da layuka suna bin juna, ya ba shi sunan abin da ya sani. Yau har bidiyon da ke cikin waya, wanda ba shi da siffa ko kaɗan, faifai muke ce masa.

Kayan aikina ba su da yawa. Tsohon injin faifai da na samo a kasuwar Katako a Yamai, ƙaramin akwati da ke tsakanin injin da kwamfuta, sai pano da batir na gidan Kawu. Akwatin nan dole ne, domin masu yanka faifai suna rage kaurin sauti su ƙara kaifinsa kafin su zuba shi a tsagi, bisa wani ma'auni da aka daidaita a Amurka a 1954, kuma sai an mayar da shi yadda yake kafin ya saurara. Da Audacity nake ɗauka. Mai karanta mini allo kuwa NVDA ne, wanda wasu makafi biyu ƴan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka gina tun daga 2006. Duka biyun kyauta ne, in ba haka ba da wannan rubutu bai samu ba.

Abin da hannu ke iya yi ba ya ba ni wahala. Wankin faifai, gano bakinsa da yatsa, sauke allura a hankali, duk cikin mako guda suka zauna. Gudun injin ma akwai dabara. Masu ido suna duba wasu ɗigogi a gefen farantin. Ni kuwa na san babban faifai yana juyi 33 da sulusi a minti, wato juyi 100 cif a minti 3. Kusan kowane faifan Kawu yana da ƙarzuwa da ke yin "ƙas" sau ɗaya a kowane juyi. Sai in kunna agogo in ƙirga. In gudu ya kauce, muryar mawaƙi ta kauce, kuma wanda ke nazarin karin sautin Hausa ba zai yafe maka wannan ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne ƙarfin ɗauka.

Kwamfuta tana da iyakar abin da take iya riƙewa, ana kiran iyakar sifiri desibel. Ku ɗauke ta kamar bakin ƙwaryar tatsa. Ƙasa da baki, komai na ciki. Abin da ya haura baki ya zube, kuma babu manhajar da za ta kwaso maka shi daga ƙasa yadda yake. Sai ka ji kalangun Shata ya koma kamar ana yaga takarda. In kuma tsoro ya sa ka rage ƙwarai, muryar ta nutse cikin shuuu na wayoyi, ranar da ka zo ƙara ta sai hayaniyar ta taso tare da ita. Masu ido suna da wani layi a kan allo da ke tsalle, kore ne, in an kusa baki ya yi ja.

To me ya hana in saurara kawai? Abin da ke shiga kunnena yana da maɓallinsa daban, abin da ke shiga kwamfuta yana da nasa. Ina iya jin waƙa raɗau alhali ƙwaryar ko rabi ba ta kai ba. Ina iya jin ta a hankali alhali tana zuba. Ƙaramar zuba kuma, ta bugun kalangu ɗaya ko biyu, ba ta jiyuwa a tsohon faifai mai ƙarzuwa, sai daga baya in ka zo auna sautin. Mai ido ma da ka rufe masa allon, a duhu ɗaya muke.

Kawu ya ba da shawara irin tasu: "Ɗauki yaron ga shi duba maka, mi ad da wuya?" Jikansa ne, shekararsa 11. Ya zauna kusa da ni yana cewa "kore, kore, kore, Kawu ya yi ja, a'a ya koma." Yaro ne mai kirki, amma awaki na jiransa, kuma ban so a ce ko a gaban kwamfuta sai da ɗan jagora. Wanda bai taɓa jiran wani ya gama shan fura kafin ya iya fita ƙofar gida ba, ba lalle ya gane wannan ba.

Mafitar tana cikin Audacity ɗin kanta. Akwai wurin ƙara ƙarfin sauti, kuma da ka buɗe shi yakan rubuta adadin desibel da suka rage kafin wuri mafi ƙarfi ya taɓa baki. Wannan lamba ce, ba launi ba, saboda haka NVDA na karanta ta. Sai in ɗauki gwaji, in zaɓe shi, in buɗe wurin, in ji lamba, in rufe ba tare da na ƙara komai ba. In ya ce 18, na yi ƙasa. In ya ce sifiri, ta zuba. Shida nake nema. Rowar desibel shida ba ta cutar da kowa: ɗauka mai bit 16 tana da fili wajen desibel 96, tsohon faifai kuwa bai kusa cika wannan fili ba. Na ɗiga gam a kan maɓallin akwatin don yatsana ya san inda ya tsaya.

Wahalar ita ce sanin inda waƙa ta fi ƙarfi. Kuntigin Ɗan Maraya ba ya ba da tsoro, kusan a daidai yake tafiya. Shata kuwa sai ya lallaɓa ka, ka saki jiki, can ƴan amshi da makaɗa su faɗo gaba ɗaya. Ga ƙarzuwa, wadda wani lokaci ta fi waƙar ƙarfi ta ba ka lambar ƙarya, dole ka zaɓi tsakanin ƙas da ƙas. Kuma kowane gwaji allura ce ke sake bin tsagin da ya haura shekara 40. Ba na son in wuce sau biyu.

Abokaina a jami'a suna cewa in goge ƙarzuwar duka, waƙa ta fito tas. Ina yi musu kwafi gogagge na MP3 su sa a waya. Amma na asali, WAV, ba na taɓa shi. Manhajar goge ƙas ba ta yi ajin furuci ba. Abin da take farauta shi ne ƙara gajera mai kaifi, kuma haka fashewar ƙ da ts take, haka bugun kalangu yake. In ka matsa mata sai ta rage musu kaifi, ƙ ta fara kama da k. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Abin da ya rage mana na yadda bakin mutanen wancan zamani ke motsi yana cikin irin waɗannan tsagogi.

Cikin ƙananan faya-fayan marasa takarda akwai na wata mata, da ƴan amshi mata da kiɗan ƙwarya. Hausarta ta yamma ce, irin tamu: "munka", "sunka", "wanga", ga hw a inda Kano ke sa f. Faifan ya lanƙwashe, allura na hawa da sauka kamar raƙumi. Sau ɗaya na yarda in bi shi, na sa maɓalli ƙasa da inda na saba, ya fito da tazarar desibel 9. Na kunna wa tsofaffi a gindin adua. Kawu ya ce a Jibiya ya saye shi, kuma matar Bagobira ce. Wata gwaggo ta ce sam, wannan bakin Adar ne, ta san shi tun tana budurwa. Suka yi ta ja har kiran la'asar. Na ɗauki gardamar tasu ita ma, na ajiye ta a jaka ɗaya da waƙar.

Na gama 22. Sauran bakwai masu lafiya da takwas lanƙwasassu suna jiran babban hutu, na jera su a tsaye cikin ɗakin ƙasa na Inna inda rana ba ta kaiwa.