Ruwan Ɗumi da Sanyin Ƙashi

Hausawa sun daɗe da sanin cewa ruwan zafi magani ne. Da shi ake gasa targaɗe, da shi mai jego take wanka har kwana arba'in. To, amma duk wannan ruwa ne wanda itace ya dafa. Akwai wani iri dabam wanda yake ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin ƙasa da ɗuminsa, ba tare da an hura masa wuta ba. A kansa nake so in yi ɗan tsokaci.

Masana sun bayyana cewa asalinsa ruwan sama ne da yake tsiyaya can cikin ƙasa, inda zafi yake ƙaruwa da kimanin digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita ɗaya. Duwatsu su ɗumama shi, sa'an nan ya biyo tsaguwar dutse ya fito, ɗauke da gishiri iri-iri. A Ingila, Rumawa sun gina gidan wanka a kan irin wannan marmaro kusan shekara 2,000 da suka wuce, har wurin ya zama garin Bath, kuma ruwansa yana fitowa da zafin digiri 46. Mu ma ba a bar mu haka ba. Akwai Tafadak a ƙasar Azbin, arewa da Agadas, inda masu ciwon gaɓoɓi da cutar fata suke zuwa jinya. Akwai kuma Wikki a dajin Yankari na Jihar Bauchi, wanda aka buɗe wa jama'a a 1962. Ɗumin ruwansa digiri 31 ne, rani da damina.

Ni dai sanadin saninsa shi ne baffana, maɗinki a unguwarmu ta Ƙofar Nassarawa, wanda shekarun zama a kan keke suka bar masa sanyin ƙashi. Idan hunturu ya kama, da ƙyar yake durƙusawa a salla. Da aka yi ta ba shi labarin Wikki, sai ya ce in raka shi. Muka bi ta Bauchi, muka ratse a Dindima, muka shiga daji. Ruwan yana fitowa daga gindin wani dutse, garai-garai, ana hangen farin yashi a ƙasansa, itatuwa sun yi masa rumfa, birai suna kai da komowa. Kwana uku muka yi yana shiga safe da yamma. A rana ta uku ya dube ni ya ce, "Yaro, yau na yi sujada ban tuna da gwiwa ba."

Sauƙin nan ya kai mako biyu, daga nan ciwon ya fara dawowa kaɗan-kaɗan. Wannan kuwa ba abin mamaki ba ne. Ɗumi yana buɗe hanyoyin jini, ya sassauta jijiya, ruwa kuma ya ɗauke wa gaɓoɓi nauyin jiki. Amma ba ya mayar da guringuntsin da ya riga ya cinye. A ganina ma, rabin fa'idar daga hutu take, domin mutumin da bai taɓa barin rumfarsa ba sai ga shi kwana uku babu keke, babu ƙura, babu mai jiran ɗinkin salla.

Saboda haka, ya mai karatu, idan kana da dattijo mai fama da wannan larura, kai shi in da hali, zai ji daɗin jikinsa. Sai dai kada a sayar da abin hannu a tafi da zaton za a baro ciwon a can, kada kuma a ajiye maganin asibiti saboda labarin marmaro. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara neman shawarar likita kafin ya daɗe cikin ruwan zafi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.